Lambun dutse a Zariya: kurakuran da ke kashe ƙananan furanni

Duk wanda ya taɓa ganin hoton 'yan furannin nan da ke leƙowa daga tsagar dutse a tsaunukan Alfis na Turai ba zai ga laifina ba da na yi odar irinsu ta intanet. Saksifireja na saya, wadda sunanta a Latin ke nufin mai fasa dutse. Na jera duwatsu a kusurwar tsakar gidanmu a Samaru, na shuka a watan Disamba, na yi ta ban ruwa safe da yamma. Kaɗan suka tsiro, kuma kafin bazara ta kai tsakiya duk sun narke.

Sanyin hunturu ne ya ruɗe ni, kamar yadda yake ruɗin mutane da yawa. Waɗannan tsirrai 'yan ƙololuwar tsauni ne, da yawansu suna rayuwa a tsayin mita 2,000 ko fiye, inda ƙanƙara ke lulluɓe su wata da watanni, dare kuma yana da sanyi ko da rani. Zariya ba ta kai mita 700 ba, ko Jos ma wajen mita 1,200 take. A Maris da Afrilu zafinmu kan doshi digiri 40. Babu dabarar da za ta raya su a nan. Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne tsarin shukar, sai mu sa masu jure zafi: fotulaka, 'yar uwar fasa-ƙaba, wadda ke buɗe fure idan rana ta ɗaga, kalankowe, wata 'yar shuka mai kaurin ganye, a gefen da ke samun inuwar yamma, kariya a can baya, ita da ke fure da rani bayan ta zubar da ganye. A kula, ruwan jikin kariya guba ne, a nisanta ta da yara da awaki.

Ko da na canza iri, sai da na sake asara a daminar farko. Na ciro wata kalankowe na kai wa wani dattijo mai sayar da dashe a bakin titi. Ya matsa gindinta da yatsa, ruwa ya fito baƙi mai wari.

"Baba, wace cuta ce wannan?"

"Ba cuta ba ce, ɗana. Ruwa ya kwanta mata a wuya. A laka ka dasa ta ko?"

A laka na dasa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne ɓarna. Jar ƙasarmu tana riƙe ruwa, ga ruwan Agusta ba ya ɗagawa. Furen dutse yana son ruwa ya wuce ta saiwarsa ya tafi, ba ya son ya zauna. Gyaran shi ne a tayar da tudu kamar kamu biyu, a haɗa ƙasa kashi ɗaya, yashin rafi mai kauri kashi ɗaya, ƙananan tsakuwa kashi ɗaya. Ban da yashin filasta mai laushi, domin idan ya haɗu da laka ya bushe kamar bulo yake zama. Kafin dashe a juye bokitin ruwa a kai. In ya tsaya yana kallonka, a ƙara tsakuwa. Bayan dashe a kewaye wuyan kowace shuka da tsakuwa, kada jiƙaƙƙiyar ƙasa ta taɓa shi. Kuma kada a yi tudun a ƙarƙashin indararo.

Su ma duwatsun, galibi ɗora su ake yi a sama kamar kayan ado. Je ka gindin Dutsen Kufena ka duba inda ciyawa ta fi daɗewa shar bayan ɗaukewar ruwa: a tsaga ne da ƙarƙashin dutse, inda saiwa ke samun sanyi. Don haka a binne kamar kashi ɗaya cikin uku na kowane dutse, a ɗan karkata shi baya, a dasa a jikinsa.

Taki kuwa, hannunmu ya saba da na masara. Kashin kaji ko takin zamani da yawa ganye yake kawowa, kara ya yi laushi, fure ya ƙi. Ɗanyen kashin shanu kuma gara yake gayyatowa. Ɗan tafin hannu na ruɓaɓɓen taki a farkon damina ya isa.

Da rani a tura yatsa cikin ƙasa kafin a ɗauko buta, in da danshi a bari sai gobe. Idan kuma gindi ya riga ya fara ruɓewa, kada a jefar. A yanke reshen da ke da lafiya da wuƙa mai tsabta, a ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku har bakin ya bushe, sannan a soka a busasshen yashi. Kalankowen da ke cike da tuduna yanzu, daga reshe biyu da na ceto haka suka fito.