Rumfar motar RV ba rumfar kasuwa ba ce

Duk wanda ya kwana biyu a Amurka ya ga manyan motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda ake kira RV. Da rani ya shigo, sai ka ji 'yan'uwa suna cewa a haɗa kuɗi a yi hayar ɗaya a fita da iyali. A fita, ba laifi. Amma kafin ka karɓi makulli, ka tambayi mai motar batun rumfar da ke naɗe a gefen dama, saman ƙofa. Inshorar haya sau da yawa ba ta biyan ɓarnarta, wasu ma hana buɗe ta suke yi.

Buɗewar ba wuya. A masu aiki da lantarki, maɓalli ne kusa da ƙofa daga ciki, ɗan injin da ke jan ta kuma da batirin ɗaki (wato mai ba kayan cikin motar wuta) mai bolt 12 yake aiki. Duba tukuna ko akwai reshe ko motar maƙwabci. Danna ka riƙe, idonka na kan tamfol ɗin. Da ka ga ya warware, lafin bakinsa ya sauko, ɗauke yatsa; in ka zarce, a wasu samfuran sai ta fara naɗewa a baibai. In ta ƙi motsi, kada ka ce ta lalace: wasu motocin ba sa bari ta fita sai an ja birkin tsayawa ko an kashe inji. Wani lokacin kuma fis ne ya ƙone.

Mu da muka saba da rumfar kwano da ke shan damina goma tana tsaye, nan muke yin kuskure. Wannan don inuwa aka yi ta kawai. Hannuwanta na alminiyam ne, iska ɗaya mai ƙarfi ta isa ta lanƙwasa su ko ta kifa tamfol ɗin a kan rufin motar. A jihar Arizona, tsakanin Yuli da Satumba, guguwar ƙura kan taso farat ɗaya. Habub suke ce mata, sunan da mutanenmu na Sudan suka sani sarai. Wasu rumfunan kamfanonin Dometic da Carefree suna da na'urar da ke naɗe su in iska ta tashi, amma ni dai ban yarda in bar mata amana ba. Za ka kwanta, naɗe. Za ka je sayayya, naɗe.

In yayyafi ne, sassauta abin ɗaurin hannu ɗaya ka sauke wannan ɓangaren kaɗan, wanda ya yi nesa da ƙofa, don ruwa ya gangare. In ya taru a tsakiya kamar a ƙwarya, nauyinsa ya ishe ta. Kafin ka naɗe, mayar da hannuwan biyu daidai. In ka naɗe ta a jiƙe, buɗe ta ta sha rana da zarar an sami sarari, in ba haka ba ta yi fumfuna.

Ka sa mai motar ya nuna maka yadda ake naɗe ta da hannu in batiri ya mutu, domin kowane samfuri da tasa hanyar, kuma ba a tuƙi da rumfa a buɗe.