Yadda ɗan wasa zai riƙe ƙarfinsa da tsokarsa bayan an yi masa tiyata

Kwana goma sha biyu da yi mini aiki a gwiwar hagu, ƙanwata ta ɗauko tef ɗin da take awon ɗinki da shi, ta auna cinyoyina biyu, taƙi ɗaya sama da ƙoƙon gwiwa. Ta hagun ta ragu da kusan santimita uku. Cinyar da na yi shekaru ina ginawa a filin ƙwallon unguwarmu da hawan Dutsen Dala bayan sallar asuba, ta saki ta yi laushi kamar ba tawa ba. Ranar ko tuwon dare ban iya ci ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne tsokar da ta zube tana dawowa, kuma ta fi saurin dawowa ga wanda ya taɓa gina ta. Ɗinkin da gaggawa ta ɓarke kuwa sai an sake komawa ɗakin tiyata, wani lokacin ma ba ya komawa yadda yake. Don haka aikinka guda ne: ka motsa duk inda wuƙar likita ba ta taɓa ba, ka ciyar da jikinka, ka bar ciwon ya faɗa maka saurin tafiya.

Mataki na farko: kafin a sallame ka, ka yi tambaya

"Ka je ka huta" ba amsa ba ce ga ɗan wasa. Kafin ka bar gadon asibiti, ka riƙe takarda da biro ka tambayi likitan da ya yi aikin: zan iya taka ƙafar, da duk nauyina ko rabi? Kilo nawa aka yarda in ɗaga? Iya ina zan lanƙwasa gaɓar? Yaushe ruwa zai taɓa wurin? Yaushe zan fara zuwa gashin ƙashi? Amsoshin sun bambanta da irin aikin. Wanda aka yi wa aikin ƙaba ko afendis, galibi akan hana shi ɗaukar kaya mai nauyi mako huɗu zuwa shida. Wanda aka sake wa jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda ke yawan tsinke wa 'yan ƙwallo, maganar komawa fili sai bayan wata tara ko fiye. Abin da likitanka ya faɗa yana gaba da duk abin da za ka karanta a nan.

Ka nemi takardar tura ka sashen gashin ƙashi, wato fisiyo. A Kano akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da wasu asibitocin. Za a samu dattijon da zai ce a kai ka wajen maɗori ya ja ƙafar ta miƙe. Ka ba shi haƙuri cikin ladabi. A cikin gaɓar akwai zare, wataƙila da kusoshin ƙarfe, ja ɗaya ya isa ya ɓata aikin.

Mataki na biyu: motsin kwanakin farko

Kwanciya shiru ita ce ke cinye tsoka, kuma tana fara ci tun a makon farko. Tun kana kan gado ka riƙa motsa ƙafarka daga idon sawu, sama da ƙasa, sau ashirin duk awa idan kana farke. Wannan ɗan motsin yana tura jinin sha-raɓa zuwa sama, yana rage haɗarin jini ya daskare a jijiya. Idan an yarda ka tashi, ka zagaya tsakar gida minti biyar, sau uku ko huɗu a rana. Wanda aka yanka a ciki ya mirgina gefe kafin ya tashi zaune, ya dafe wurin da filo idan zai yi tari.

Ga mai aikin gwiwa, babban atisayen farko ba shi da wani armashi a ido. Ka miƙe ƙafa a kan tabarma, ka ɗaure tsokar gaban cinya kamar za ka danna bayan gwiwar a ƙasa, ka riƙe daƙiƙa biyar zuwa goma, ka saki. Sau goma. Ranar farko da na gwada, ina kallon cinyar ina umartar ta, ko gezau. Mai yi mini gashi ya ɗora yatsunsa biyu a kan tsokar ya ce, "Malam, nan nake so in ji ta yi tauri. Ba mutuwa ta yi ba, kumburin gwiwa ne ya sa ta ƙi amsawa." Gaskiyarsa: muddin gwiwa na cike da ruwa, jiki da kansa yake kashe wa tsokar wuta. Shi ya sa rage kumburi ma atisaye ne. Ka ɗora ƙafar a kan filo ta fi ƙirjinka tudu, ka naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti goma sha biyar zuwa ashirin, kada ta jiƙa bandejin. In babu wuta, masu sayar da ƙanƙara ba sa yankewa a unguwa.

Ni da lokutan salla na ɗaure atisayen, bayan kowace salla zagaye ɗaya, sai ya zama sau biyar a rana ba mantuwa. Sallar ma a kan kujera na yi ta makonni, addini ya sauƙaƙa wa mara lafiya. Kada ka tilasta wa gwiwa zaman tahiya kafin a ba ka izini.

Mataki na uku: abinci, inda aka fi yin kuskure

Kuskure iri biyu ake yi. Wani ya ga ba ya gudu, sai ya rage ci don tsoron tumbi. Wani kuma ya zauna yana shan lemon kwalba da biskit ɗin 'yan dubiya. Jikin da ke haɗe ciwo yana buƙatar abinci fiye da mai zaman kawai, tafiya da sanda ma ta fi tafiyar ƙafa biyu cin ƙarfi. Idan ka hana shi, daga tsokarka zai ɗiba. Ka rage zaƙi da soye-soye, amma kada ka taɓa abincin gina jiki.

A gidanmu sai da aka yi ka-ce-na-ce a kan ƙwai. Hajiya ta ce, "Ɗan nan, ƙwai da gyaɗa ruwa suke sa ciwo ya yi, ba za ka ci a gabana ba." Na san don ƙauna take faɗa. Ranar wankin ciwo na roƙe ta ta raka ni, ma'aikaciyar jinya ta ce mata, "Mama, ki ba shi. Datti da ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, ƙwai kuwa shi ke haɗe naman." Daga ranar da kanta take dafa mini uku da safe.

Lissafin da ake ba 'yan wasa masu jinya shi ne furotin giram 1.6 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 110 zuwa 140. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6, kofin dafaffen wake kamar 15, kofin madara kamar 8, giram 100 na tsokar kaza kusan 30. Kuma ba a tara shi a ci lokaci ɗaya, a raba shi gida huɗu ya fi amfani. Da safe ƙwai da ƙosai ko alala. Da rana shinkafa da wake, waken ya rinjayi shinkafar, da kifi. Da la'asar awara ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Da dare tuwo da miya mai nama ko busasshen kifi, sannan kofin kindirmo kafin barci. Ba sai aljihunka ya kai tsire da balangu kullum ba. Waken suya da wake da busasshen kifi na kasuwar Rimi ko 'Yankaba sun riƙe ni wata da watanni. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita, mai ciwon suga kuma ya san sugan da ya hau yana jinkirta warkewa.

Ka haɗa da gwaiba da lemo da gwanda, ka sha ruwa sosai. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ɗaure ciki, yunƙuri a banɗaki kuma abokin gaba ne ga mai ɗinki a ciki. Sigari da shisha suna rage jinin da ke isa ciwo, ka ajiye su. Tiramol kuwa, in ba likita ya rubuta da adadi da ranar dainawa ba, kada ka kusance shi. Yana ɓoye zafin da ya kamata ya tsayar da kai, kuma mun ga samarin da suka shiga ta ƙofar jinya suka kasa fita. Idan jinyar ta faɗo cikin azumi, ka tambayi likita, mara lafiya yana da rangwamen ramawa daga baya.

Mataki na huɗu: ka horar da sauran jikin

Aikin gwiwa bai hana ƙirji da kafaɗa da dantse aiki ba. Kana zaune a kan benci za ka iya ɗaga gorar ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya ce, ko ka ɗaura roba mai talewa a ƙarfen taga ka riƙa ja. Sau uku a mako, kowane motsi sau goma zuwa sha biyu, zagaye uku. Kada ka riƙe numfashi lokacin ɗagawa.

Lafiyayyar ƙafar ma ka ba ta aiki sosai. Akwai abin mamaki a nan: horar da gefe ɗaya yana taimaka wa ɗaya gefen ya riƙe wani ɓangare na ƙarfinsa, domin ƙarfi ba a tsoka kaɗai yake ba, har da yadda ƙwaƙwalwa ke aika mata saƙo. Wanda aka yi wa aikin kafaɗa sai ya juya lissafin, ya horar da ƙafafu da ɗaya hannun. Mai ɗinki a ciki shi ne zai fi haƙuri, don kusan kowane ɗagawa yana matsa ciki. Nasa tafiya ce, kullum a ƙara 'yan mintoci.

Numfashi yana raguwa cikin makonni kaɗan, amma shi ma yana dawowa. Da zarar gwiwa ta lanƙwasu yadda feda za ta zagaya kuma an ba ka izini, ka hau keken motsa jiki ba tare da ƙara wa fedar nauyi ba, minti goma, ka riƙa ƙarawa. Tafiya kuma da sassafe, a wuri mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe irin filin sukuwa na Nasarawa. A watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40, bayan ƙarfe tara na safe wahala ce kawai. Iyo sai ciwo ya rufe ruf.

Ka riƙa zuwa fili kana zama tare da abokai, yana rage kaɗaici. Amma za a samu mai gangaro maka ƙwallo ya ce, "Ɗan taɓa mana, ai ka warke." Ka ɗauka da hannu ka miƙa masa.

Mataki na biyar: ka karanta amsar jikinka

Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko nauyi ko mintoci, ba duka biyun ba. Washegari ka duba. Idan kumburi ya ƙaru ko zafin ya wuce awa 24 bai koma yadda yake ba, ka yi yawa, ka koma matakin baya kwana biyu. Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta awon cinya duk mako biyu, a wuri ɗaya. Barci awa bakwai zuwa tara yana cikin maganin.

Akwai alamun da ba a jira da su gari ya waye: zazzaɓi, ciwo ya yi ja da zafi ko yana fitar da mugunya, sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko ɗinki ya buɗe. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa, a tari adaidaita sahu nan take a nufi sashen gaggawa.

Mataki na shida: komawa fili

Daina jin zafi ba shi ne warkewa ba. Abin da masu gashi ke dubawa shi ne ƙafar da aka yi wa aiki ta kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyar, a ɗaga nauyi da tsalle da ƙafa ɗaya, ba kumburi. Gudu a miƙe ne farko, sai gudu da juyawa, sai atisaye da ƙwallo kai kaɗai, sai atisaye da 'yan ƙungiya ba karo, sannan wasa.

Ni a wata na goma aka sa mini hannu. Daren da zan koma, ƙanwata ta sake ɗauko tef ɗin, bambancin bai kai rabin santimita ba. Kocinmu ya sa ni minti ashirin na ƙarshe, ya tsaya a bakin layi da agogo a hannu. Da na dawo gida na ɗora ƙanƙara, da safe na matsa gefen ƙoƙon gwiwar da yatsa ina neman ruwa, ban samu ba. Mako na gaba ya ba ni minti talatin.