Yadda ake miyar albasa irin ta Faransawa da abin sha da ya dace da ita

Wannan miya da cokali ake shan ta, ba ta tuwo ba ce. Ta yi suna a tsohuwar kasuwar Les Halles ta birnin Faris, inda 'yan dako ke ɗumama ciki da ita da asuba, kafin a mai da kasuwar zuwa garin Rungis a 1969.

Don mutum 4 a tanadi albasa kilo 1, bota giram 50, fulawa babban cokali 1, romon ƙashin saniya lita 1 da rabi, ruwan khal na tufa cokali 1, gishiri, masoro, busasshen burodi da cukun Gruyère ko Comté giram 150. Jar albasar Galmi ma tana yi, sai dai miyar za ta ɗan fi duhu.

A yanka albasar siriri. A narka bota a tukunya mai kaurin gindi, a zuba albasar da ɗan gishiri, a rufe minti 10 ta saki ruwa. Sannan a buɗe, a rage wuta sosai, ana juyawa jefi-jefi har minti 40 zuwa 50. A nan aikin yake. Ruwan ne zai fara tsanewa, sai sukarin cikin albasar ya soyu a hankali har ta koma launin dabino, ta yi laushi da zaƙi. Wanda ya ƙara wuta don sauri zai ƙona gefenta alhali cikinta ɗanye, miyar ta yi ɗaci, kuma ɗacin ba ya gyaruwa. In ƙasan tukunya ya fara kamawa, a zuba ruwa cokali 2 a kankare. Ɗanɗanon na cikin ƙanzon nan.

A barbaɗa fulawa a juya minti 1, in ba haka ba warin ɗanyen gari zai fito. Faransawa farar giyar inabi suke zubawa a wannan gaɓar saboda tsaminta; khal yana wannan aikin, sai a zuba shi a madadinta. A tsiyaya romon da zafinsa, a bar shi ya dahu minti 25.

A gasa burodin har ya bushe ƙayau, don mai laushi nutsewa yake ya dagargaje. A raba miyar a kwanukan da ke jure wuta, a ɗora burodi, a rufe da gurzajjen cuku, a sa a oben ƙarƙashin wutar sama minti 3 zuwa 5.

Miyar akwai maiƙo da zaƙi, don haka abin sha mai tsami take so ya wanke baki. A Faransa sukan haɗa ta da jar giyar Beaujolais. Wanda ba ya shan giya ya nemi ruwa mai gas da lemon tsami, ko zoɓo mai sanyi da ba a cika masa sukari ba. Lemon kwalba kuwa zaƙi kan zaƙi ne, kafin rabin kwano mutum ya gundura.