Yadda za ka haɗa littafin hotuna da yaron Kebbi zai ga gidansu a ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon littattafai a Birnin Kebbi domin saya wa ɗan shekara biyar abin karantawa ya san abin da zai tarar. Zai ga tuffa, zai ga gida mai bututun hayaƙi a bisa rufi, zai ga yara suna wasa cikin dusar ƙanƙara, amma da wuya ya ga rumbu, ko kwalekwale a bakin kogi, ko yarinyar da ta yi kama da ƙanwarsa. A 1990 wata malamar jami'a a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta kwatanta littafin yara da madubi da kuma taga, wato yaro yana bukatar ya ga kansa a cikin littafi kamar yadda yake bukatar ya leƙa rayuwar wasu. Yaranmu sun samu tagogi da yawa, madubin ne ya yi ƙaranci, kuma mu ne ya kamata mu ƙera shi.

Sai dai wanda zai shiga wannan aiki ya sani cewa littafin yara ya zama abin da ake sa wa ido. A Amurka, tun wajen 2021 ake ta cire littattafai daga ɗakunan karatu na makarantu bayan ƙorafin iyaye da ƙungiyoyi, wasu saboda suna magana a kan launin fata da wariya, wasu saboda batun jinsi. A nan gida, gwamnatin Kano ta hana amfani da wasu littattafan karatu a ƙananan makarantu a 2023 bayan an koka da abin da ke cikinsu. Ga kuma batun harshe: a 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ta janye ta koma ga Turanci. Damuwar iyaye a kan tarbiyya gaskiya ce, kuma marubucin da ya raina ta ba zai yi nisa ba. Abin da ake bukata shi ne a yi littafin ta hanyar da zai iya tsayawa a gaban uba da malami da kaka, ba tare da an goge kowane yaro daga cikinsa ba.

Ka fara da yaro ɗaya, da yini ɗaya, da abu ɗaya da yake so. Mafi yawan masu farawa suna cewa za su rubuta littafi a kan al'adunmu, sai su ƙare da jerin bukukuwa da sunayen sarakuna wanda babu yaron da zai nemi a sake karanta masa. Kebbi tana da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma babu littafi mai shafi talatin da biyu da zai ɗauke su duka. Amma zai ɗauki yaro ɗan Argungu wanda yake so mahaifinsa ya bar shi ya riƙe gora ranar da masunta za su faɗa kogin Matan Fada da homa, aka ce masa bai isa ba tukuna. Zai ɗauki yarinyar Aliero da ake tsokana a sabuwar makaranta cewa tana warin albasa, har ranar da ta kai 'yan ajinsu rumfar da mahaifinta yake adana albasar. Asalin yaro yana fitowa ne a cikin abin da yake ci, da yadda yake gaida kakarsa, da sunan da ake kiran sa da shi a gida, ba sai an tsaya an yi masa lacca ba.

Akwai yaran da suka fi kowa bukatar wannan madubi a yanzu, kuma ina roƙon kada a tsallake su don gudun magana. Akwai ɗan Bafulatani wanda, saboda ta'asar 'yan bindiga, abokan wasansa suke jifan sa da sunan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Akwai yarinyar da iyayenta suka baro ƙauye da dare suka raɓe a kangon wani a cikin gari, wadda ake kira 'yar gudun hijira kamar ba ta da wani suna. Akwai ɗan Zuru ko ɗan Yawuri da ya daina yin harshensu a bainar jama'a domin kada a yi masa dariya. Ba a bukatar bindiga ko jini a littafin ɗan shekara shida. Ya isa a nuna yarinyar tana shuka irin kuɓewar da ta ƙulle a gefen zanenta ta zo da shi daga gida, maƙwabciyarsu kuma tana ara mata butar ban ruwa.

Idan ka tsai da labari, sai ka tafi ka gani da idonka, domin da ɗan gari akan ci gari. In labarinka ya shafi mutanen da ba naka ba, ka zauna da su, ka tambaye su sunan da suke kiran kansu. Waɗanda muke kira Dakarkari suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, kuma Gungawan Yawuri suna da sunansu na Reshe. Ka tambayi abin da ake nunawa da abin da ba a nunawa, domin a bukukuwa irin su Uhola ta Zuru akwai ɓangaren da kowa yake kallo, akwai kuma wanda masu abin ba za su so a zana shi don nishaɗin yara ba. Ka ɗauki hotuna da waya bayan ka nemi izini: yadda ake ɗaure gora, siffar rumbun wurin, irin tasoshin da ake ci a ciki, launin ƙasar. Mai zane zai dogara da waɗannan hotuna, kuma su ne za su hana shi ya zana wa mutumin Kamba rumbun Kano.

Rubutun kansa gajere ne, kuma gajartarsa ce wahalarsa. Kalmomi ɗari uku zuwa ɗari biyar sun isa littafin gaba ɗaya, jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi. Kada ka rubuta abin da hoto zai nuna. Idan zanen ya nuna yarinya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta, ba sai ka ce ta ji kunya ba. Ka samo jimla guda da za ta riƙa dawowa kamar amshin waƙar tatsuniya, domin ita ce yaran za su kama su riƙa faɗa tare da mai karatu tun kafin su iya haɗa baƙi. Ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, duk inda harshenka ya sarƙe ka gyara wurin.

A kan karin harshe, shawarata ita ce a rubuta bayanin labari da daidaitacciyar Hausa, wadda yaro zai tarar a makaranta, a bar mutanen cikin labarin su yi magana yadda ake yi a gida. Kaka a Gwandu ba ta cewa me kake so, cewa take yi mi kaka so, kuma jikanta yana cewa shina zuwa, ya ce tahi, ya ce lahiya lau. Yaron da ya ga maganar kakarsa a rubuce ya fahimci cewa ba kuskure ba ce. Haka kuma gaisuwa ɗaya da Fulatanci ko Zabarmanci ko C'lela, wadda mai harshen ya duba maka rubutunta, tana yin aikin da dogon bayani ba zai yi ba.

Kafin a zana komai, ka yi gwajin littafin da hannu. Ka ɗauki farar takarda guda takwas, ka haɗa su ka ninka biyu, za ka samu shafi talatin da biyu, wanda shi ne adadin da aka fi amfani da shi. Idan kuɗi sun yi kaɗan, takarda shida za ta ba ka shafi ashirin da huɗu. Adadin shafuka dole ne ya rabu da huɗu, saboda kowace takarda da aka ninka shafi huɗu take bayarwa. Ka ware shafukan farko don suna da bayanin bugu, ka rarraba jimlolinka a sauran da fensir, tare da zane na gaggawa ko da na 'yan sanduna ne. Ka lura da wurin juya shafi, ka sa tambaya a ƙarshen shafin dama, amsarta kuma ta jira a bayansa. Da irin wannan gwaji na zauna da yara bakwai a kan tabarma a ƙofar gidanmu bayan la'asar. A shafi na tara wata yarinya ta ɗora yatsa a kan zanen, ta ce wannan faifan irin na innarta ne, ta hana a juya sai da ta nuna wa kowa. A shafi na goma sha huɗu kuwa biyu daga cikinsu suka tashi suka bi akuya, na gane cewa maganata ce ta yi yawa a wurin, na yanke rabinta.

Wajen zane, ka nemi matashi mai hannu a cikin ɗaliban zane na kwalejojin ilimi ko masu zanen alluna a gari, ku yi yarjejeniya a rubuce a kan kuɗi da kuma sa sunansa a bango. Ka gaya masa tun farko cewa fatar yaran ta kasance irin tamu, baƙi da wankan tarwaɗa da fari duk a gida ɗaya kamar yadda yake a zahiri, kada ya haskaka jaruma ya duhunta mai laifi. Tsagen fuska, idan akwai shi a fuskar kaka, a zana shi daidai da na mutanen wurin kuma da mutunci. Kada talauci ya zama shi ne kamannin wata ƙabila a littafinka, wannan kuskure ne da ake yi ba da niyya ba, kuma yara suna ganin sa.

Batun zanen abu mai rai zai taso, gara ka tare shi tun da wuri. Malamai sun yi saɓani a kansa, kuma da yawa daga cikinsu sun sassauta a kan abin da aka yi don koyar da yara, suna kafa hujja da hadisin da ya tabbata cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka je wurin malamin da mutanen unguwarku suka yarda da shi, ka ce, Allah ya gafarta Malam, ga abin da nake son yi, ka nuna masa gwajin. Idan makarantun da kake nufi ba sa karɓar cikakkiyar fuska, mai zane yana iya nuna mutane ta baya ko ta gefe, ko ya sauƙaƙa fuskar, ya bar hannuwa da tsayuwar jiki su faɗi abin da ke zuciya.

Wannan nunawa kafin bugu ita ce garkuwar littafin. Bayan malami, ka nuna wa uwaye mata biyu ko uku, da shugaban makaranta, da dattijo daga mutanen da ka zana, da limamin coci idan akwai yaron Kirista a labarin. Ƙorafin da za ka ji iri biyu ne, kuma wajibi ne ka rarrabe su. Idan aka ce maka yaro ba ya miƙa wa babba abu da hagu, ko ba a shiga gida ba sallama, ko wannan sutura ba ta dace ba, ko ba haka ake riƙe homa ba, ka gode ka gyara, domin an taimake ka. Idan kuwa aka ce ka cire ɗan Fulanin, ko ka canja wa yarinyar Zuru suna ta zama kamar kowa, to an nemi ka rushe dalilin yin littafin. A nan sai haƙuri da lallashi. Ka ce, Baba, yaron nan ajinsu ɗaya da jikanka, benci ɗaya suke zama, ina so ne kowannensu ya buɗe littafin ya ga kansa. Wani zai yarda, wani ba zai yarda ba, kuma ba a jayayya da dattijo a gaban jama'a. Ka rubuta takarda mai shafi ɗaya da ke bayyana abin da littafin ya ƙunsa da shekarun da ya dace da su, ka riƙa ba shugabannin makarantu tare da kwafi, domin yawancin rigima tana tashi ne daga hoton shafi ɗaya da aka yaɗa a WhatsApp ba tare da sauran labarin ba.

Wajen bugu, abin da ya fi cin mutane shi ne haruffa masu lanƙwasa. Wata maɗaba'a ta taɓa miƙo mini kwafi ɗari biyu da duk wani ƙ da ɗ da ɓ ya koma ɗan akwati, saboda na'urarsu ba ta da salon harafin da na yi amfani da shi, kuma ni ban nemi ganin gwaji ba. Ka zaɓi salon harafi irin Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu kuma yana ɗauke da haruffanmu, ka miƙa aikin a matsayin PDF, ka dage sai an buga maka kwafi ɗaya ka duba kafin a ci gaba. Haruffan su zama manya, kada a ɗora rubutu a kan zane mai duhu, a bar tazara a gefuna saboda yanka. Manhajar Bloom kyauta ce kuma an yi ta ne domin haɗa littattafai a harsuna irin namu. Idan kana son littafin ya shiga kasuwa sosai, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a bangonsa, ana samun ta daga Ɗakin Karatu na Ƙasa.

Kada ka buga dubu a karon farko. Ka buga hamsin ko ɗari da bango mai kauri, domin hannun yaro ba ya tausayin takarda, ka kai wa makarantu uku da Islamiyya ɗaya, ka roƙi a ba ka minti ashirin ka karanta da kanka. Ka zauna ƙasa daidai da yaran, ka juya littafin ya fuskance su, ka bar su su taɓa shafin. Bayan wata guda ka koma ka duba kwafin da ka bari, ka ga shafin da ya fi yin datti da wanda har yanzu yake fari fat, ka rubuta lambobinsu a littafin ajiyarka kafin ka zauna gyaran bugu na biyu.