Yadda ake ɗaukar hoto da fim mai ISO 100 a ranar Damagaram

Ƙwayoyin da ke kama haske a jikin fim ba girmansu ɗaya ba. ISO ita ce lambar da ke nuna saurin fim wajen kama haske. Na ISO 800 kamar tsaki suke, suna kamawa da sauri amma hoton ya fito da kaushi. Na ISO 100, irin Kodak Ektar da ya fito a 2008, gari ne tankaɗaɗɗe. Haske mai yawa yake so, amma ko an faɗaɗa hoton, zanen bangon gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, zai fito layi-layi, jar ƙasa da launinta. Rana kuwa Allah ya hore mana ita.

Ka fara da ajiya. Zafi na ɓata launin fim, don haka ka sa shi a firigo cikin robarsa. Idan ka fito da shi, bar shi awa 2 kafin ka buɗe, kada ya yi gumi. A inuwa za ka ɗura shi, bayan ka busa ƙurar cikin kyamara. Lokacin hunturu ƙwayar rairayi ɗaya na iya jan layi a kan hotuna 36 gaba ɗaya.

Sai ka saita ISO a 100. Rana tsaka, ƙofar haske ta kyamara f/16 (ƙaramar lamba na nufin ƙofa mai faɗi), sauri 1/125 na daƙiƙa. In akwai hazo, f/11. A inuwar bango, f/5.6. Dawakan hawan sallah suna buƙatar 1/500, sai ka buɗe zuwa f/8.

Ga inda aka fi yin kuskure. Wannan fim ya fi jure yawan haske da ƙarancinsa; in ka rage masa, inuwa ta yi shuɗi-shuɗi, da wuya a gyara ta. Mutum cikin farar babbar riga da rawani yakan ruɗi ma'aunin haske, rigar ta fito, fuskar ta nutse. Ka ƙara mataki ɗaya, daga f/16 zuwa f/11. Ektar na ƙara wa fata ja, shi ya sa fim ɗin Kodak Portra 160 ya fi dacewa da fuska.

Dab da magariba, in sauri ya sauka ƙasa da 1/60, ɗora kyamara kan mai ƙafa uku.

Da ka gama, kada fim ya daɗe bai ga wanki ba. Tsarin wankin fim mai launi, wato C-41, ake bi: maganin farko a digiri 37.8, minti 3 da daƙiƙa 15. A Afrilu da Mayu ruwan da ya sha rana kan wuce haka, sai an auna an sanyaya, in ba haka ba launukan dodon hoton su karkace.