Kafin Ka Sayi Irin Alkama, Ka Ji ta Bakin Mai Gurasa

Na daɗe ina noman alkama da rani a ƙasar Kura, da ruwan da ke gangaro mana daga madatsar Tiga. Wata shekara na ga maƙwabcina ya cika buhuna da wani sabon iri, sai na yi wuf na shuka shi a gonata kaf. Ni ma na cika buhuna. Da aka kai niƙa, uwargida ta kwaɓa ta gasa, ta turo mini faranti ta ce, "Malam, wannan alkamar taka ta kasuwa ce, ba ta tanderu ba. Kwaɓin ba danƙo, gurasar kuma kafin la'asar ta koma ƙanzo." Shekarar nan ga buhuna jibge a zaure, ga ta tana aiken yara kasuwa sayo alkamar sana'arta. Tun daga nan na sauya yadda nake gwada iri, kuma ga yadda muke yi yanzu a ƙungiyarmu.

Ka samo iri uku, kada su wuce huɗu. Mu kan nemi waɗanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar, irin su Norman da Reyna 28 da Atilla Gan Atilla, mu haɗa da wanda muka saba da shi don a samu abin kwatantawa. Kowanne a ba shi fangali biyu ko uku a gona ɗaya, a shuka rana ɗaya, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya. Shukar ta faɗo tsakanin 15 ga Nuwamba da farkon Disamba. In ka makara, zafin Maris zai tarar da ita tana zuba ƙwaya, ƙwayar ta motse, ka zo kana zagin irin da ba shi da laifi.

Kada ka rubuta sunan iri a bakin fangali. Ɗaura ƙyalle a jikin kara: ja, fari, shuɗi. Mutanenmu da sun ji sunan da aka taɓa yabo a rediyo, sun gama zaɓe tun ba su duba ba.

Maza da mata duk za su tantance irin, amma na maza ba ya ɗaukar lokaci, don kusan bakinmu ɗaya. Buhu nawa za a samu, shin tana kwanciya in iska ta taso bayan an ba ta ruwa, kwana nawa take yi kafin girbi, sau nawa za a tayar da inji a ƙona fetur, nawa dillali zai saya. Zagaye biyu ya isa, ɗaya in ta fid da kai, ɗaya ana gab da yanka.

Aikin gaske yana cikin gida. Bayan an yi sussuka an sheƙe, a auna wa kowace mace kwano biyu daga kowane iri, a ƙulle da ƙyallen nan dai. A bar ta ta sarrafa yadda ta saba, a injin niƙan da ta saba kaiwa. Abin da za ta gano, kai ba za ka taɓa ganinsa a bakin kanal ba: yawan dusar da ke saura a rariya bayan tankaɗe, hasken garin, ruwan da kwaɓi ke sha, da yadda yake tashi in an sa yis. Garin da ke shan ruwa ya kumbura, shi ke ƙara wa mai gurasa guda biyu ko uku a kwano, kuma ribarta ke nan. Mai taliyar murji za ta gaya maka ko tana tsinkewa a bakin inji, ko tana karairayewa in an shanya. Mai alkaki, wadda ɓarzajjiyar alkama take so ba laushi ba, tana iya yabon wanda mai gurasa ta kushe.

Shi ya sa kada ka ce "mata sun ce" alhali mace ɗaya ka tambaya. Ka nemi mai gurasa, mai taliya, mai funkaso, da wadda tuwon gida kawai take tuƙawa. Kada ka manta da gwauruwar da ke noma gonarta da kanta. Ita lissafinta ya haɗa namu da nasu, har da kuɗin 'yan ƙwadago, don ba ta da samarin da za su yanke mata kyauta in alkama ta kwanta.

Ranar zaɓe kuma a raba zama. Na taɓa tara su wuri ɗaya, abin da na samu daga matan bai wuce "duk yadda su Malam suka gani" ba. Yanzu mace muke turawa, malamar gona ko wata dattijuwa da ake jin nauyinta, ta shiga gida bayan azahar lokacin da hannu ya sarara. A jera ƙwarya uku, kowace da ƙyallenta, a ba kowa ƙwayar wake goma ta raba yadda ta ga dama. Wadda ta zuba bakwai a ja, uku a fari, ta faɗi abin da ɗaga hannu ba zai nuna ba. Maza ma haka, a majalisarsu. Sai a ƙirga, a tambayi dalili, a rubuta.

In zaɓin ya zo ɗaya, to madalla. In ya saɓa, ba sai an yi gardama ba, gona ake rabawa. Ni kashi biyu cikin uku na kasuwa ne, ɗaya na gida da sana'ar uwargida, kuma ita ke faɗin wanda za a shuka a nan. Ku lura wajen sussuka kada su cakuɗu, don alkama ba ta cika gaurayuwa a gona ba, a masussuka da cikin buhu take gaurayuwa, kuma in ta tsira da tsabtarta za ka iya ajiye irinka na baɗi.

Saura gwaji ɗaya mai cin lokaci. A ware kwano guda na kowane iri a ajiye a ɗaki har damina ta shigo, a ga wanda ƙwari suka fara ci. Wannan ma a hannun mata za ka bar shi, su ke buɗe buhu kullum. Sai sun kawo maka labari, sannan ka kai kuɗinka wajen mai sayar da iri a watan Oktoba.