Farfaɗiya da damuwa: ƙofofin da na koyi tsarewa

Shekara 11 ke nan ina shan maganin farfaɗiya, kuma babu maganar da kunnena ya gaji da ji kamar "ka rage damuwa". Likita ya faɗa, maiɗakina ta faɗa, har wanda ya ɗora mini damuwar shi ma ya faɗa. Ba wanda ya ce ga yadda ake ragewa. Ni malamin makaranta ne, makon duba takardun jarrabawa kuwa ba ruwansa da lafiyar kowa. Da na ga damuwar ba za ta bar ni ba, sai na koma neman hanyar da take bi ta kai ga ƙwaƙwalwata.

Fara da ɗan littafi da biro a gefen gado. Kowane dare rubuta abu huɗu: awa nawa ka yi barci jiya, ko ka sha magani a kan lokaci, nauyin ranar daga 1 zuwa 5, da duk wata alama da ka ji a jikinka. Layi ɗaya ya isa. Kada ka yanke hukunci sai ka tara na wata uku. Ni da na buɗe nawa, kunya ta kama ni. Na daɗe ina cewa ɓacin rai ne ke kayar da ni, ashe ba ranar da aka ɓata mini rai nake faɗuwa ba. Ɓacin ran zai hana ni barci dare biyu, a dare na biyun in manta ƙwayar yamma, a rana ta uku sai a tsince ni a ƙasa.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idan hankali ya tashi, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadaran da ake kira adirenalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, barci ya gudu. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da lantarki suke magana da juna, kuma mai farfaɗiya katangar da ke tare wannan lantarkin gajeriya ce tun asali. Magani yana ƙara mata tsawo, rashin barci yana zaftare ta.

Saboda haka barci ne ƙofar farko, kuma ita ce babba. Likitoci da kansu, idan suna son gwajin EEG, wato gwajin da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa, ya nuna abin da ke ɓoye, sukan ce wa mara lafiya ya rage barci kafin ya zo. Ka ga ke nan abin da suke yi da gangan a asibiti, mu muna yi wa kanmu a gida. Tsayar da lokacin tashi ɗaya, ko ranar hutu. Ajiye waya nesa da gado awa ɗaya kafin kwanciya, ka bar kofi daga tsakar rana. Idan tunani ya hana ka runtsawa, tashi ka rubuta abin da ke cin ka da abin da za ka yi a kansa gobe, sannan ka koma. Ba kullum yake aiki ba, amma ya fi juye-juye har gari ya waye.

Ƙofa ta biyu magani. Mantuwar ƙwaya tana cikin manyan dalilan da ke dawo da ciwon ga wanda ya daɗe lafiya, kuma mai damuwa mantau ne. Sayi ɗan akwatin maganin nan mai gida bakwai, cika shi sau ɗaya a mako, sa ƙararrawa a waya. Tambayi likitanka tun yanzu abin da za ka yi idan ka tsallake ɗaya, domin amsar ta danganta da irin maganin. Kuma kada gajiya ta sa ka nemi sauƙi wurin giya ko tiramadol, dukansu suna iya jawo faɗuwa.

Ta uku numfashi. A gwajin EEG ɗin nan ana sa mutum ya yi ta jan numfashi da ƙarfi na kamar minti 3, don yin haka yana iya tayar da wasu nau'o'in farfaɗiya. Mai fargaba kuwa haki yake yi bai sani ba. Idan na ji ƙirjina ya ɗaure, nakan zauna, in ja iska ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake ta a hankali ina ƙirga shida, har minti biyar. Ka saba da shi a ranar da kake lafiya, don ranar wanka ba a koyon iyo.

Wani abu da littafin ya nuna mini: haɗarin ba ya ƙarewa ranar da aikin ya ƙare. Wata abokiyar aikina mai ciwon ɓarin kai ta ce nata ya fi tashi a ranar farko ta hutu, kuma sanannen abu ne ga masu wannan ciwo. Ni kuwa ranar da na miƙa sakamako nake sakin jiki in raba dare ina hira. Yanzu kwana biyun da ke bayan aiki mai nauyi ina lissafa su cikin aikin.

Damuwar da ta fi ci mini rai ita ce tsoron faɗuwar kanta, musamman a gaban ɗalibai. Shekaru na ɓoye, ɓoyon ya zama wani ciwon. Daga baya na zaɓi mutum biyu a wurin aiki na koya musu: a kwantar da ni ta gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kaina, kada a danne ni, kada a cusa mini komai a baki, a duba agogo, in ya wuce minti 5 a garzaya da ni asibiti. Tun ranar na fara shiga aji da ƙirji a sake.

Idan ƙunci ko fargaba suka zauna maka makonni, gaya wa likita ƙarara. Wasu magungunan farfaɗiya, irin su levetiracetam, suna iya sa saurin fushi ko sauyin hali, kuma ana iya daidaita su. Kada dai ka rage ko ka daina da kanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun sami maganin da ya dace, don haka in kana faɗuwa duk da kiyayewa, koma a sake duba maganin, ba laifinka ba ne.

Jarrabawa za ta fara mako mai zuwa. Na riga na tsara yadda zan raba takardun kashi biyar, na cika akwatin magani, na kuma gaya wa maiɗakina cewa ƙarfe 10 ta kashe fitila ko ina tsakiyar jimla.